Shin kwamfuta za ta iya zaɓa wa mai larurar ƙwaƙwalwa maganin da ya dace da jikinsa?

Malama daga Tawa ta rubuta:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa mazauna wannan zaure. Ina neman ƙarin haske daga ma'aikatan lafiya da masana kwamfuta a kan wani al'amari da ya daɗe yana hana gidanmu barci. Ƙanena saurayi ne da ya yi nisa a karatu kafin ciwo ya same shi. Ya fara da ƙaurace wa mutane da zargin cewa ana maganarsa a bayan ido, daga baya ya koma jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Bayan an sha fama da rubutu da hayaƙi, muka kai shi asibiti, likita ya ce sikizofireniya ce, ya rubuta masa haloferidol. Muryoyin sun lafa, amma jikinsa ya sandare, wuyansa ya riƙe, hannuwansa suna rawa har ba ya iya kai ludayi baki ba tare da kunu ya zube masa a riga ba, abin da ya sa ya daina fita ko da masallaci saboda kunya. Da aka sauya masa zuwa olanzafin sai ya koma barci dare da rana, ga ci babu ƙoshi, ga ƙiba da ta sa kayansa duka suka matse shi. Yanzu gida ya rabu biyu: mahaifiyarmu tana ganin maganin asibiti ya fi ciwon wahalar da shi, ni kuwa ina tsoron idan aka bari za mu koma gidan jiya.

Ana cikin haka ne wani ɗan kawunmu da ke karatu a Faransa ya aiko mini da labarin cewa masana a can suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mara lafiya, su gina kwafinta a cikin kwamfuta, su gwada magunguna iri-iri a kan kwafin, sannan su ba mutum wanda kwamfutar ta nuna zai karɓe shi. Tun da na karanta na kasa cire abin daga raina, domin babu abin da ya fi yi mini ciwo kamar wannan gwaji a jikinsa, a ba shi wannan a jira makonni, a sauya a sake jira, alhali ƙuruciyarsa tana wucewa. Shin da gaske akwai wannan fasaha, kuma ta kai ga ana yi wa marasa lafiya aiki da ita, ko har yanzu tana hannun masu bincike? Idan akwai ta, ya dace mu fara tara kuɗi, ko da za mu sayar da gonar gado, mu kai shi? Idan kuma ba ta kai ba, akwai wani ɓangare nata da mutumin Tawa ko Yamai zai iya amfana da shi a yau? Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Malamin Lissafi, Yamai, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ƙanenki lafiya, ya ba ku ladan jinya. Ni ba likita ba ne, aikina lissafi da kwamfuta, saboda haka zan tsaya a kan yadda abin yake aiki da inda ya kai, in bar maganar magani ga masu ita. Labarin yana da tushe, amma kada ku sayar da gona, domin zaɓa wa mai sikizofireniya magani ta hanyar kwafin ƙwaƙwalwarsa bai zama aikin yau da kullum a asibiti ba, ko a Faransar ma. Yana matakin bincike ne.

Kwaikwayo a kwamfuta ba baƙonmu ba ne. A nan Yamai cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD suna dogara da shi wajen hasashen damina: ana rubuta ƙa'idojin da iska da zafi da danshi ke bi a matsayin lissafi, a ba kwamfuta awon da aka tattaro daga tashoshi da taurarin ɗan'adam, sai ta tura lokaci gaba ta nuna abin da ake sa ran zai faru, kuma inda tashoshin awo suka yi ƙaranci hasashen yakan yi rauni komai ƙarfin na'urar. Haka ake son yi wa ƙwaƙwalwa. Tun 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley a Ingila suka rubuta lissafin yadda saƙon lantarki ke gudana a cikin jijiya guda, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1963. Sai dai ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma babu na'urar da ke iya bin kowace ɗaya a kan mutum mai rai. Abin da ake yi shi ne a raba ƙwaƙwalwar yanki-yanki, daga gomomi zuwa ɗaruruwa, a ɗauki wani hoto na musamman da IRM, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, da ke nuna igiyoyin da suka haɗa wannan yanki da wancan a kan mutumin, a ba kowane yanki lissafin da ke wakiltar motsin taron jijiyoyinsa, sannan a yi ta daidaita alƙaluma har sai motsin da kwamfuta ke fitarwa ya yi kama da wanda aka auna a kansa da na'urar EEG, mai auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, ko IRM. Idan suka yi kama sai a ce an sami kwafinsa, a fara yi wa kwafin tambaya: idan aka rage ƙarfin wannan yanki, ko aka toshe hanyar wancan sinadari, me zai biyo baya?

Ina kyautata zaton abin da ɗan kawunki ya gani aikin Viktor Jirsa ne da abokansa a jami'ar Aix-Marseille, masu manhajar The Virtual Brain. Inda suka fi yin nisa shi ne farfaɗiyar da ta ƙi jin magani har ake yi mata tiyata. A 2019 aka fara wani gwaji mai suna EPINOV a asibitocin Faransa, wanda aka tsara wa marasa lafiya kimanin 350, domin a ga ko kwafin zai taimaka wa likitocin fiɗa su gano ainihin wurin da farfaɗiyar ke tasowa. Na ciwon ƙanenki kuwa bai daɗe da farawa ba: a farkon 2024 Tarayyar Turai ta ware yuro miliyan 10, wato sama da sefa biliyan 6 da rabi, ga wani shiri na shekara 4 mai suna Virtual Brain Twin, wanda burinsa shi ne daidai abin da kika kwatanta. Shiri ne na ƙera kayan aiki da jarraba su, ba ɗakin duba marasa lafiya ba.

Akwai dalilin da ya sa farfaɗiya ta riga. Tana da wurin da take tasowa da lokacin da take tasowa, kuma ana ganin ta ƙarara a kan takardar EEG, don haka ana iya kwatanta abin da kwamfuta ta faɗa da abin da ya faru. Sikizofireniya kuwa babu awon jini ko hoton da ke tabbatar da ita. Likita yana gane ta ne daga hira da mara lafiya da danginsa, kuma mutum biyu da aka kira ciwonsu da suna ɗaya ba lallai abu ɗaya ne ya lalace musu ba. Kwafi zai iya yin kama da ƙwaƙwalwar mutum a kan allo alhali bai kama abin da ke haddasa masa jin muryoyi ba, kuma a ganina wannan ne babban cikas, ba ƙarancin ƙarfin kwamfuta ba.

Akwai kuma wata hanya da ake yawan cakuɗa ta da wannan, wadda ba ta kwaikwayon ƙwaƙwalwa sam, sai dai a ba kwamfuta tarihin dubban marasa lafiya ta koyi wane iri ne ya sami sauƙi da wane magani. Wani babban bincike a Amurka mai suna STAR*D, da ya ƙunshi mutum kimanin 4,000 masu ciwon damuwa mai tsanani, ya nuna a 2006 cewa kusan 1 cikin 3 ne kawai suka warware da maganin farko. A 2016 Adam Chekroud da abokansa a jami'ar Yale suka yi amfani da waɗannan bayanai suka gina tsarin da ke hasashen wanda zai warware daga amsoshin tambayoyi 25, ya dace a kusan 65 cikin 100. Ci gaba ne, ko da yake bai yi wa canki-canka nisa sosai ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin da shi Chekroud ɗin ya fitar a mujallar Science a 2024, a kan gwaje-gwaje 5 na maganin sikizofireniya da suka haɗa mutum kimanin 1,500. Tsarin yana hasashe da kyau a cikin rukunin da ya koya daga gare shi, amma da zarar an kai shi kan marasa lafiyar wani gwajin dabam sai ya faɗo ya zama kusan daidai da canki-canka. Idan tsari ya kasa tsallakawa daga wannan gwaji zuwa wancan, waɗanda duka an tsara su da tsauraran ƙa'idoji, dole mu yi hattara da duk wanda ya ce mana zai tsallako zuwa Adar, yankin Tawa, ya yi aiki yadda yake.

Ƴar Farmasi, Yamai, ta amsa:

Ƴar'uwata Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya sa kaffara ne. Na yarda da Malam cewa kada a taɓa gona, amma ina ganin ya tsaya a kan ƙwaƙwalwa ya bar hanta, alhali kwaikwayon da ya fi kusa da shiga hannunmu shi ne na tafiyar magani a cikin jiki: nawa ne ke shiga jini bayan an haɗiye shi, yaya hanta ke narkar da shi, yaya ƙoda ke fitar da shi, nawa ne ke isa inda ake so. Wannan lissafi ya daɗe, kamfanonin magunguna suna amfani da shi kafin su fitar da sabon magani, kuma wasu manyan asibitoci suna daidaita adadin magunguna masu haɗari da shi.

Abin da ya sami ƙanenki da haloferidol yana da bayani a wannan fanni. Magunguna irinsa suna aiki ne ta toshe wasu ƙofofi a ƙwaƙwalwa da sinadarin dofamin ke kamawa. A shekara ta 2000 Shitij Kapur da abokan aikinsa a Toronto suka auna wannan toshewa da na'urar hoto ta PET a kan waɗanda ciwon ya fara kamawa, suka ga sauƙi yakan samu idan an toshe kimanin 65 cikin 100 na ƙofofin, sandarewar jiki da rawar hannu kuma sukan bayyana idan toshewar ta doshi 80 cikin 100. Tazarar ƴar kaɗan ce, kuma ƙwaya iri ɗaya za ta iya ajiye wani a cikinta ta tsallakar da wani. Saboda haka sandarewa ba lallai tana nufin maganin bai dace da mutum ba. Sau da yawa adadin ne ya yi wa jikinsa yawa.

Ɗaya daga cikin dalilan wannan bambanci shi ne wani sinadari a hanta da ake kira CYP2D6, wanda yake cikin masu narkar da haloferidol da risferidon da amitiriftilin, har ma da tramol, kuma gado ne ke ƙayyade ƙarfinsa. A 1996 masanin Zimbabwe Collen Masimirembwa ya bayyana wani nau'insa mai sanyin aiki wanda ya yawaita a tsakanin baƙar fatar Afirka amma ba a cika samun sa a jikin Turawa ba, kuma a wannan shekarar ce aka ruwaito cewa kusan 3 cikin 10 na Habashawan da aka gwada suna da nau'in da ke narkar da magani da sauri fiye da ƙima. A nahiya ɗaya ke nan, wani magani yana taruwa masa a jini, wani kuma yana ƙone shi kafin ya yi aiki.

Ban da gado, akwai abin da nake gani a kan kanta kusan kullum. Mutum ya zo da ordonansi biyu daga wurare biyu, ɗaya ta haloferidol, ɗaya ta karbamazefin na farfaɗiya ko rifamfisin na tarin fuka, waɗanda ke zaburar da hanta ta cinye na farkon, bayan ƴan makonni a ce ciwo ya dawo. Hayaƙin taba yana rage olanzafin da kilozafin a jini, har wanda ya daina shan taba farat ɗaya yakan ji maganin ya yi masa nauyi. Mai shan litiyam, wanda ake ba masu ciwon da ke kai su tsakanin zumuɗi da ƙunci, ana son awonsa a jini ya tsaya tsakanin 0.6 da 1.2, guba kuma tana iya farawa daga wajen 1.5, kuma a zafin Afrilu da Mayu, ko ranar azumi, ko idan gudawa ta kama shi ruwan jikinsa ya ragu, awon yana iya hawa ba tare da an ƙara masa ko ƙwaya ɗaya ba. Irin wannan ne ƙaramar manhaja a wayar ma'aikacin lafiya za ta iya lissafawa ta yi masa gargaɗi, ba sai da IRM ba.

Sai dai ko a nan ma ma'aunin wasu yana iya cutar da mu. Kusan 1 cikin 3 na masu sikizofireniya ba sa samun isasshen sauƙi da magungunan farko, kuma wanda aka tabbatar ya fi taimaka musu shi ne kilozafin, wanda ke buƙatar awon jini a kai a kai domin yana iya karya fararen ƙwayoyin jini. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama a kan jajayen ƙwayoyin jini da ake kira Duffy, kuma masu irin wannan gado yawan wani nau'in fararen ƙwayoyinsu yakan zo ƙasa da na Bature alhali lafiyarsu ƙalau. An daɗe ana hana baƙar fata da yawa wannan magani a Turai da Amurka saboda an auna su da ma'aunin da ba nasu ba, sai a 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta gyara ƙa'idar domin su. Manhajar da aka gina a kan tsohon ma'aunin za ta maimaita wannan kuskure a kan ƴan Nijar da yawa, kuma za ta yi shi da cikakken tabbaci.

Tsohon Majo, Tawa, ya amsa:

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya wa ɗan'uwanki, domin da yawa daga cikin masu wannan larura abin da suka fara rasawa shi ne mai tsaya musu. Na yi shekaru ina aikin jinya a ƙauyukan Adar kafin in ajiye aiki, kuma ina so in ƙara wani abu a kan bayanin Malam da na ƴarmu ta farmasi, wanda ba a ganin sa sai daga bakin ƙofar ɗakin magani.

Duk lissafin da suka ambata yana ɗauka ne cewa an san abin da mara lafiya ya sha, da adadinsa, da tsawon lokacin da ya yi yana sha. A wurinmu wannan shi ne abin da ya fi wuyar samu. Sau da yawa uwa takan kwance bakin zanenta ta fito mini da ƙullin leda mai ɗauke da ƙwayoyi farare da rawaya, babu kwali babu suna, ta ce wannan na safe ne wannan na dare, karne kuwa ya ɓace ko ruwan damina ya jiƙa shi tawada ta narke. Wani an ba shi maganin wata guda, ya raba shi ya kai wata uku saboda kuɗin mota. Wani da ya ji sauƙi ya tafi ci-rani Abijan ko Libiya ya bar maganin a gida, sai a dawo da shi a ɗaure. A rajista dukkansu za a rubuta cewa ciwo ya dawo, kuma kwamfutar da aka ciyar da irin wannan rajista za ta koyi cewa maganin ba ya aiki, alhali ba a sha shi ba ne. Shi ya sa nake ganin kafin mu yi maganar kwafin ƙwaƙwalwa, sai mun iya riƙe tarihin mutum ɗaya daga farko har ƙarshe ba tare da ya yanke ba.

Wannan kuwa yana hannunki tun daga yau. Ki sami littafi guda ki keɓe masa. Ki rubuta sunan kowane magani kamar yadda yake a kwali, da nauyin ƙwayar, da ranar da aka fara da ranar da aka daina da dalilin dainawa, ki riƙa rubuta yawan barcinsa, da ranakun da muryoyin suka dame shi, da duk ranar da ya tsallake sha, ki auna nauyinsa sau ɗaya a wata, kuma tunda olanzafin yana iya tayar da sukari ki nemi a riƙa duba masa shi. Kada ki ɓoye wa likita jiƙo ko garin magani da ake ba shi a gida, da taba, da duk wata ƙwaya ta bakin kasuwa, domin duka suna haɗuwa ne a hanta ɗaya. Addu'a kuwa a ci gaba da ita, ba ta karo da magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a 2022 ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 300 ne ke da wannan ciwo a duniya, ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008 domin ma'aikata irina da ba ƙwararru ba, kuma abin da aka koya mana a ciki shi ne a fara da ƙaramin adadi, a ba da magani ɗaya a lokaci guda, a ba shi makonni 4 zuwa 6 a kan adadin da ya isa kafin a ce ya kasa. Ki je wa likitansa da littafin ki tambaye shi ko za a iya rage adadi, ko a mayar da shan zuwa dare, ko akwai wani magani na uku, ko allurar da ake yi sau ɗaya a wata za ta fi masa. Ga sandarewa akwai Artane, amma da takardar likita kawai, kuma ki riƙe shi a hannunki domin samari suna shan sa ba bisa ƙa'ida ba. Idan aka ga buƙatar ƙwararre, akwai sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa a Yamai, wanda aka fi sani da Pavillon E, tafiyar kilomita kimanin 550 daga nan. Ki roƙi mahaifiyarku, cikin ladabi, kada a tsayar da magani farat ɗaya. Ki nuna mata cewa kukanta a kan wahalar da yake sha gaskiya ne, kuma akwai gyara.

Malama daga Tawa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, da ke ƴar'uwata, da kai Baba Majo. Allah ya ƙara girma. Maganar adadi da ta hanta ta buɗe mini ido, kuma zan fara littafin. Saura tambaya ɗaya. Ɗan kawun namu ya ce akwai kamfanonin da ake aika wa miyau a ƴar kwalba su duba gadon mutum su faɗi maganin da ya dace da shi, akwai kuma manhajojin waya da ke bin barcin mutum da muryarsa da yawan fitarsa su yi gargaɗi kafin ciwo ya tashi. Tunda waɗannan ba su kai tafiya Faransa tsada ba, kuna ganin mu gwada?

Ƴar Farmasi, Yamai, ta amsa:

Ƴar'uwata, awon gado na gaskiya ne, amma ki san iyakarsa kafin ki fitar da kuɗi. Yana faɗin saurin da hanta ke narkar da magani, wato yana taimakawa wajen adadi da kauce wa illa, amma ba ya faɗin wane magani ne zai kashe muryoyin. A 2022 aka fitar da sakamakon wani gwaji a kan tsofaffin sojojin Amurka kimanin 1,900 masu ciwon damuwa, inda aka ba likitocin rabinsu sakamakon awon gado. Likitocin sun rage rubuta magungunan da ke karo da gadon mutum, amma ƙarin waɗanda suka warware kaɗan ne, kuma zuwa mako na 24 bambancin bai ɗore ba. Idan har za ku yi, ku tambaya a rubuce ko awon yana duba nau'o'in CYP2D6 da ake kira *17 da *29, domin su ne suka yawaita a cikinmu, kuma awon da bai neme su ba zai ce hantar ƙanenki daidai take ko da mai sanyin aiki ce. Sannan sakamakon ya je hannun likitansa, kada a sauya komai a gida a kan takardar kamfani.

Malamin Lissafi, Yamai, ya amsa:

Malama, game da manhajar waya ina da damuwa biyu. Ta farko, an horar da irin waɗannan ne a kan rayuwar wasu mutane. Wanda ke tashi sallar asuba, ya yi ƙailula da rana saboda zafi, ya raba dare yana hira a watan azumi, kuma wayarsa ta kwana a mace saboda an ɗauke wuta ko ƙanensa ya are ta, manhajar za ta iya karanta duk wannan a matsayin alamar tashin ciwo. Ga wanda ciwonsa ya ƙunshi zargin ana bibiyarsa kuwa, a ɗora masa abin da ke sauraron muryarsa ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata a yi shi a ɓoye ba ko kaɗan.

Ta biyu ita ce inda bayanan ke zuwa. Wani nazari na 2019 ya nuna kusan 79 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu ƴan asalin Turai ne, alhali ba su wuce 16 cikin 100 na al'ummar duniya ba. Ana ƙoƙarin cike giɓin, misali shirin NeuroGAP-Psychosis da ya tattara bayanan dubban mutane a Habasha da Kenya da Uganda da Afirka ta Kudu, kuma ina fatan wata rana masu bincike na jami'ar Abdou Moumouni da likitocinmu su jagoranci irinsa a Sahel, domin idan babu mu a cikin bayanan, babu mu a cikin lissafin. Amma shiga binciken da kwamitin ɗa'a ya amince da shi dabam ne da miƙa wa kamfani miyau da murya ta intanet. A garuruwanmu labarin taɓin hankali idan ya fita yakan hana aure da aiki, har ya shafi ƙanne mata da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, kuma bayanin gado na dangi ne duka, ba na mutum ɗaya ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita, sai dai da wuya hannunta ya kai ga na'urar da ke ajiye a wata nahiya. Kafin ku aika da komai, ku nemi a faɗa muku a rubuce ƙasar da za a ajiye bayanan, da wanda zai gan su, da ko za a sayar wa wani, da yadda za ku sa a goge su idan kun fasa. Kuma a jira lokacin da ƙanenki yake cikin natsuwa a karanta masa sharuɗɗan da Hausa, domin amincewarsa ce ake buƙata, ba taki ko ta mahaifiyarku kaɗai ba.